Neman shawara: wannan Pierce-Arrow ta 1910 ce kuwa?

Abu Hanif: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina koyar da kanikanci a wata makarantar koyon sana'a, kuma ina so in buɗe darasin tarihin mota da wani tsohon hoto da aka turo min. Motar Amurka ce, buɗaɗɗiya, mai rumfar tamfol da ake naɗewa baya, da kujeru sahu biyu. An rubuta "Pierce-Arrow, 1910" a ƙasa. Sitiyarinta na dama, fitilun gaba kuma sun fito ne daga jikin madigad. Shekarar daidai ce? Me kuma ya kamata in faɗa wa yara a kanta? Ba na so in koyar da abin da wani zai zo ya ƙaryata.

Baba Mai Gareji: Wa alaikumus salam malam. Goge 1910 ɗin nan. Sai a 1914 kamfanin ya fara dasa fitila a jikin madigad, zanen wani ma'aikacinsu Herbert Dawley, kuma da ita ake gane motar tun daga nesa. Sitiyari kuwa sun bar shi a dama har 1920, bayan yawancin kamfanonin Amurka sun koma hagu. Ka ga taka tana tsakanin 1914 da 1920. Amma a kula: wasu masu saye sun fi son fitila irin ta da, don haka rashin fitilar madigad ba ya nuna mota ta girmi 1914.

Maman Yusra: Malam, ka fara musu da asalin kamfanin, za su ji daɗi. A garin Buffalo na jihar New York yake, kuma kafin mota kejin tsuntsaye da kayan gida mai kamfanin, George Pierce, yake ƙerawa, daga baya ya koma kekuna. Ƙaramar motarsu ta farko ta fito a 1901, sai Great Arrow mai silinda huɗu a 1904.

Injiniya: Ni a ganina kar ka ɓata lokaci a kan ƙawa. Abin da ya sa attajirai suka yarda da ita juriya ce. A lokacin, da ka bar gari sai turɓaya da taɓo, ba gareji a hanya, ba wurin sayen kayan gyara. Akwai gasar Glidden, wadda ba ta gudu ba ce: ana tafiya kwanaki, duk wanda ya makara ko ya tsaya gyara a rage masa maki. A 1905 Percy Pierce, ɗan mai kamfanin, ya ci da Great Arrow, daga New York zuwa Bretton Woods da dawowa, kuma motarsu ta ci gaba da ɗaukar kofin har 1909. A 1909 ɗin ne shugaban Amurka Taft ya sa aka sayo guda biyu don fadar White House.

Ga abin da zai fi burge masu koyon aiki: bodin ba ƙarfe ake bugawa ba, alminiyam ake narkarwa a zuba a mazubi, kamar aikin masu zubin tukwane, sannan a haɗa ɓangarorin. Samfurin 66 kuma injinsa silinda shida ne, lita 13 da rabi. Ka sa su lissafa girman silinda ɗaya su gani.

Abu Hanif: Madalla, Allah ya saka. To me ya kashe kamfanin?

Injiniya: Sun ƙi yin motar masu matsakaicin ƙarfi. Kamfanin motoci na Studebaker ya karɓi ragamarsu a 1928, ga karayar tattalin arziki ta biyo baya. A 1933 suka fito da Silver Arrow a kan dala 10,000, guda biyar kacal aka ƙera. Kamfanin Packard ya fitar da mai rahusa, samfurin 120, a 1935 ya tsira. Pierce-Arrow kuwa a 1938 aka rufe.

Baba Mai Gareji: Malam, turo hoton gaban motar da kyau. In babba ce ƙwarai, wataƙila 66 ɗin ce, sai mu duba tsawon bonet.