Neman shawara: bashin jari da inshorar shago kafin Sallah

Mai shadda, Babbar Kasuwa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Atamfa da shadda nake sayarwa a Babbar Kasuwar Sakkwato, ƙaramin shago ne. Azumi ya ƙarato, kuma jarina bai kai in saro kayan Sallah daga Kantin Kwari yadda nake so ba. Ina neman kamar naira dubu 800. Bankin da na je sun ce sai takardar fili, ni kuwa haya nake zaune, ga shi ina gudun kuɗin ruwa. Sannan tun gobarar da ta ci kasuwarmu a Janairun 2021 hankalina bai kwanta ba. In na ci bashi na cika shago wuta ta tashi, da me zan biya? An ce akwai inshora, amma ban sani ba ko ta halatta, kuma ko suna biya da gaske. Ku taimaka mini da shawara.

Baba na Tsohuwar Kasuwa: Wa alaikumus salam. Ɗana, kafin ka je banki, ka fara da dilan da kake saro wa kaya a Kano. In ka daɗe da shi bai taɓa kama ka da ƙarya ba, ka biya rabi, ya ba ka sauran bashi zuwa bayan Sallah. Mu da haka muka tashi. Sai dai ku rubuta, da shaidu biyu.

Ma'aikacin banki: Malam, akwai bankunan da ba su karɓar ruwa. Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJ a 2019, kuma dukansu suna da reshe a nan Sakkwato. Tsarin da ya dace da kai shi ne murabaha: ba kuɗi za su damƙa maka ba, su za su sayi shaddar, su sayar maka da ribar da kuka amince tun farko, ka riƙa biya kaɗan-kaɗan. Amma in gaya maka gaskiya, abin da ke kayar da 'yan kasuwarmu shi ne rashin shaida. Mutum na cinikin miliyoyi, kuɗin duk a aljihu, asusunsa fayau. Za su nemi BVN da NIN, da bayanan shige da ficen asusunka na watanni, da wanda zai tsaya maka, galibi har da rajistar sunan kasuwanci ta CAC. In ba ka da waɗannan a hannu, da wuya ka samu kafin wannan Sallah. Ka bi maganar Baba a bana, ka fara zuba ciniki a asusu saboda baɗi.

Hajiya mai adashi: Ɗan uwa, don Allah ko me ya yi zafi kada ka taɓa bashin nan na waya. Wata maƙwabciyata ta ci, ta yi jinkirin biya, suka aika wa surukanta da malamin Islamiyyar 'ya'yanta saƙo cewa ɓarauniya ce. Gara ka shiga adashi ka roƙi a ba ka ɗaukar farko.

Ɗalibin fiƙihu: Kan maganar halacci, akwai takaful, wato inshorar Musulunci, kuma NAICOM, hukumar kula da inshora ta ƙasa, ta fitar da ƙa'idojinsa tun 2013. Kowa na zuba gudummawa a asusu ɗaya da niyyar taimakon juna, wanda masifa ta afka wa a biya shi daga ciki, kamfani ya ɗauki ladan kula da asusun. In shekara ta ƙare da rara, ana raba wa mahalarta bisa sharaɗin da aka yi. Jaiz Takaful da Noor Takaful duk suna da lasisi.

Mai kayan gini: Ni dai ban yarda da su ba. Ranar karɓa suna sauri, ranar biya sai a yi ta kai ka ana kawo ka.

Ma'aikacin banki: Alhaji, ana samun haka, ba na musu. Amma sau da yawa matsalar daga takardu take. In shago ya ƙone, za su ce ka nuna abin da ke ciki: rasit, littafin kaya, rahoton 'yan kwana-kwana. Wanda rasit ɗinsa ya ƙone tare da kaya ya shiga uku. Wani kuma kayan miliyan 4 gare shi, ya ce na miliyan 2 ne don gudummawa ta yi sauƙi, sai a biya shi rabin asararsa, ya fito yana zagi.

Mai shadda, Babbar Kasuwa: Na gode, Allah ya saka da alheri. Gobe zan kira dilana. Amma kayana ba su tsayawa wuri ɗaya, da azumi shago cike, bayan Sallah ya koma rabi. Wane adadi zan faɗa wa masu takaful?

Ɗalibin fiƙihu: Ka faɗi na lokacin da shago ya fi cika, ka kuma tambaye su ko suna da tsarin da ake daidaita adadin bisa hawa da saukar kaya. Ka sa su nuna maka a rubuce ko yarjejeniyar ta haɗa da sata da ambaliya, don ta gobara ba lallai ta ƙunshe su ba. Rasit kuwa, duk wanda ka karɓa ka ɗauki hotonsa ka tura wa wani a gida tun kana Kano.