Wai kasuwar gashin akuyar Angora tana ci har yanzu?

Dan_Kiwo:
Salam 'yan uwa, jiya na ga bidiyon wasu awaki masu gashi kamar an yi musu kitso, wai su ne Angora kuma gashin nasu ake kira mohair. Don Allah wa ya san inda kasuwar ta dosa?

Maman_Twins:
Wslm. Asalinsu daga Ankara ne ta Turkiyya, sunan ma daga can yake, amma yanzu Afirka ta Kudu ce ke riƙe da kusan rabin abin da duniya ke samarwa, yawanci a yankin Karoo, sai Lesotho. Sau 2 ake yi musu aski a shekara, kuma na 'yan ƙanana ya fi tsada saboda laushi.

Malam_Sokoso:
Gaskiya Maman Twins ta faɗa, sai dai kasuwar ta sha duka fa, a 2018 ƙungiyar PETA mai kare haƙƙin dabbobi ta saki bidiyon yadda ake wulaƙanta awakin wajen aski, nan da nan kamfanonin tufafi irin su H&M da Zara suka ce za su daina saye, shi ya sa a 2020 aka fito da takardar shaidar nan ta RMS mai nuna cewa an kula da dabbar yadda ya kamata, yanzu manyan kamfanoni ita suke fara tambaya. Ni a ganina mai takarda zai ci kasuwa, marar ita kuwa sai haƙuri.

Dan_Kiwo:
To kiwon fa Malam, da wahala?

Malam_Sokoso:
Sosai ma. Ruwan sama da sanyi bayan aski na iya kashe su a dare ɗaya, ga fari ga dila.