Akwatin rage ƙarar amfili: da jaka 50 me zan samu a Garwa?

Sani Jita, Garwa:
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa aiki da atenuwata, akwatin nan da ake sawa tsakanin amfili (na'urar ƙara ƙarfin sautin jita) da lasifika don a rage ƙara. Amfilina Peavey Classic 30 ne mai kwalabe, wato fitilun gilashi da ke ƙara ƙarfin sauti, na gwanjo. Muryarsa ba ta fitowa da daɗi sai an buɗe shi sosai, ni kuwa gidan haya nake a Yelwa, bango ɗaya ya raba ni da wata dattijuwa, ga mai ɗakina da jariri. Wurin biki ba ni da damuwa, gwajin dare a gida ne ya gagara. Jaka 50 ce a hannuna, wato sefa dubu 50. Don Allah kada a ce in sayar da amfilin, ba ya cikin lissafi. Wanne zan nema, kuma ta ina ake shigo da shi?

Abba Domayo:
Wa alaikumus salam. Ka sayar da shi ka sayi Boss Katana 50. Yana da maɓallin da ke mai da shi rabin wat, yana da wurin sa abin kunne. Shi ke nan an wuce wurin.

Sani Jita:
Abba, ka karanta har ƙarshe kuwa?

Malam Buba mai gyara, Marwa:
Sani ƙanena, kafin a zo maganar kuɗi ka riƙe wannan. Lasifikar cikin Classic 30 om 16 ce (om shi ne ma'aunin juriyarta ga wutar lantarki), ba 8 ba, to dole akwatin ya karɓi 16. Masu araha da yawa 8 kaɗai suke da ita, mai sayarwa kuma ba zai gaya maka ba don shi ma bai sani ba. Sannan kada ka ga an rubuta wat 30 ka nemi akwati mai wat 30. Amfilin kwalba idan aka matsa masa yana fitar da fiye da abin da aka rubuta, ka nemi mai 50 zuwa sama, mai 100 ya fi kwanciyar rai. Ƙarfin da akwatin ya hana lasifika ba ɓacewa yake yi ba, zafi yake komawa. A watan Afrilu na Garwa, da zafi ke haura 40, ka san abin da nake nufi. Ka leƙa bayan amfilin ka ga ko wayar lasifikar tana da kan cirewa ko a maƙale take, in a maƙale take sai an yi maka ɗan aiki. Kuma har abada kada ka kunna amfilin kwalba babu lasifika ko wani abu a madadinta, taransifoman fitar da sauti ne zai tafi.

Ɗan Kusiri:
Taransifoma! Malam Buba ka taɓo mini inda ke ciwo. Sani, ka ji labarina kafin ka zubar da kuɗinka. Wani mai kayan sauti a kasuwa, hayin Njamena, ya sayar mini da baƙin akwati marar suna, an lika masa takarda wai wat 100. Ya rantse ya maya cewa daga Dubai ya zo. Na tsallako da shi gadar Ngeli ina murna. Makon farko lafiya lau. Ranar da muke gwajin waƙoƙin wani biki, muna tsakiyar kiɗa sai na ji sautin ya shaƙe, sai wari irin na roba, sai shiru. Akwatin ko taɓa shi ba a iya yi. Da aka buɗe, abin da ke ciki ɗan rezisto ne, abin rage ƙarfin wuta, guda ɗaya da bai kai yatsana ba, ya ƙone ya yanke, amfilin ya ci gaba da aiki babu kaya a kansa. Ya tafi da taransifoman da kwalabe biyu. Na koma wurin mutumin ya ce shi bai san ni ba. Ni da muka sha shayi tare! Bikin nan da amfilin aro na yi shi, shugaban ƙungiya kuma ya cire kuɗin aron daga kasona. Mai gyara na farko ya ce zai naɗa taransifoman da hannu, ya karɓi kuɗin waya, ya riƙe kayan har damina ta wuce. Da ya dawo da shi sai gunji yake yi. Yanzu haka yana ƙarƙashin gado, yara na ɗora takalma a kai. Araha ba ta ado, wallahi.

Hajiya Mairo mai waƙa:
Inna lillahi. Allah ya mayar maka da alheri, Ɗan Kusiri. Shi kuma mai shagon, akwai ranar hisabi.

Malam Buba mai gyara:
Amin. Amma wace irin waya ka haɗa akwatin da ita? Don da yawa wayar jita suke sawa. Wayar jita siririya ce a ciki, ba a yi ta don ɗaukar ƙarfin lasifika ba, ita ma tana iya narkewa ta jawo irin wannan.

Ɗan Kusiri:
To ga shi nan. Kullum in kaya ya ƙone sai masu gyara su ce laifin mai kaya ne. Na ce maka na ga rezistan da idona ya zama gawayi.

Ibro Faransa:
Ku daina sayen abin da ba shi da suna. Bugera PS1 yana ɗaukar wat 100, yana da om 4 da 8 da 16, ya dace da amfilin Sani. A nan wajen yuro 100 na saye shi, wato jaka 65 da ɗoriya, tunda yuro ɗaya sefa 656 ne. Amma gaskiya in an rage shi ƙasa sosai yana cinye kaifin sautin, haka masu rezisto zalla suke. Wanda ke son abu na ƙwarai ya tara ya sayi Torpedo Captor na Two Notes, kamfanin nan Faransa ne, yana da naɗin waya a ciki da ke kwaikwayon halin lasifika. Sai dai kowanne da om ɗinsa ake sayarwa, ka tabbata ka ce 16.

Abba Domayo:
Jaka 65 ina? Abokina jaka 40 ya biya, daga kasuwar Alaba ta Legas aka sako masa a mota zuwa Yola, ya je ya ɗauko.

Usman Baladji, Ngaundere:
Yaushe ke nan, Abba? Ni a Duwala an ce mini jaka 110, ban da kuɗin kawowa. Ko dai ba abu ɗaya kuke magana a kai ba.

Abba Domayo:
Lokacin da naira ta faɗi ne. Ka tambayi duk mai zuwa Mubi, a lokacin komai na Najeriya banza ne in kana riƙe da sefa.

Ɗan Kusiri:
Nawa jaka 25 ne, ga inda ya kai ni.

Usman Baladji:
Ibro, kai kana zaune inda ake kunna abin ɗumama ɗaki, kana ba mutumin Garwa shawarar akwatin da aikinsa tara zafi. Ka taɓa gwada shi a ɗakin kwano da azahar?

Ibro Faransa:
A Kakatare ta Marwa aka haife ni, Usman, ba daga sama na faɗo ba. Aƙalla ni na mallaki abin ina kiɗa da shi. Wasu a nan ko ganinsa ba su taɓa yi ba, wasu kuma talabijin suke gyarawa.

Malam Buba mai gyara:
Yaro, ina gyaran rediyo mai kwalba tun ubanka na saurayi. Amma bari in bar ka. Sani, ga abin da ba wanda ya gaya maka. Rage wat ba ya rage ƙara yadda kake zato. In ka raba wat biyu, desibel 3 kawai ka sauke a ma'aunin ƙara, kunne da ƙyar zai lura. Sai ka raba goma kafin a ji kamar ƙarar ta ragu da rabi. Wat ɗaya tak a lasifika mai inci 12 ya isa ya tashi jariri har da dattijuwar. To in dare kake so, sai ka murɗe akwatin har ƙasa, wurin da Ibro da kansa ya ce sautin na mutuwa. Kuma kwalabenka huɗu na EL84 suna can suna aiki da dukkan ƙarfinsu, za su tsufa da wuri, ga su ba a samunsu a nan kusa. Ni da ni ne, amfilinka yana da ƙofofin sa kayan ado na sauti a baya, shiga da fita. Ɗan akwati da maɓallin murɗawa ɗaya a tsakaninsu zai ba ka damar buɗe kwalaben gaba ka rage abin da ke shiga na baya. Ba zai ba ka daɗin kwalaben baya ba, amma ba ya zafi, kuma kayan haɗinsa ba su kai jaka 5 ba. Sharaɗi ɗaya: kada a kuskura a sa shi a layin lasifika.

Ibro Faransa:
Wannan ai ba atenuwata ba ne.

Malam Buba mai gyara:
Na ce shi ne?

Bala Dariya:
Ni ban ga abin gardama ba. Sani ya jira lokacin da injin markaɗen unguwa ya tashi, sai ya buɗe maɓallin ƙara har 12, ba mai cewa uffan. Ko ya koya wa dattijuwar ganga su kafa ƙungiya.

Hajiya Mairo mai waƙa:
Bala, Allah ya shirye ka. Sani, ka kai wa baiwar Allah nan goro da sukari ku daidaita a kan lokaci, tsakanin la'asar da magariba misali. Mai jego kuma ka ji tausayinta.

Bala Dariya:
Hajiya, akwai ma wanda ya fi wannan araha. Masu wuta suna rage mana ƙara kyauta kowane dare, har ƙasa, ba ruwansu da om 8 ko 16.

Usman Baladji:
Kai dai bari. Da ruwan madatsar Lagdo mai ba mu wuta ya ja baya da rani sai a shiga rabon wuta, daga Ngaundere har Marwa. Ɗaukewar ma ba ta dame ni ba kamar dawowar. Takan dawo da wani irin ƙarfi, haka na rasa piyanona da firij ɗin mahaifiyata a dare ɗaya. Takardar biya kuwa ba ta taɓa makara ba.

Ɗan Kusiri:
Mu da ke jin injin maƙwabta kwana da wuni fa? Kuma kar wanda ya ɗora amfilin kwalba a kan ƙaramin janareta, wutarsa hawa take tana sauka.

Malam Buba mai gyara:
Rabin abin da ke kan teburina yanzu aikin wuta ne. Sani, kana da na'urar daidaita wuta ma kuwa? In babu, jaka 50 ɗin nan can ya kamata ta fara zuwa.

Sani Jita:
Babu, Malam. To yanzu Bugera ɗin zan nema ko ɗan akwatin naka?

Abba Domayo:
Katana ba ta da wannan ciwon kai duk.

Usman Baladji:
Malam Buba, daidaita wutar ma iri-iri ce. Wadda na saya bara ƙaf-ƙaf kawai take yi, kuma ƙarar na shiga cikin lasifika. Akwai wanda ya san nawa ake haɗa ƙaramar sola da za ta ɗauki amfili da fanka biyu? An ce mini a Marwa ta fi sauƙi.