Ina ta buge robobi a silalom: laifin taya ne ko na direba?

Bakatsine a Ohayo:
Assalamu alaikum. Watanni uku ke nan da na fara shiga tseren otokuros a nan Amurka, wato wanda ake jera robobi masu tsini masu ruwan lemo, irin na raba hanya, a filin ajiye motoci, kowace mota ta shiga ita kaɗai, agogo ne abokin hamayyarta. Motata Honda Civic ce ta 2012, ban canza mata komai ba. Matsalata tana wurin silalom, inda ake jera robobi a layi ɗaya mutum ya riƙa saƙawa tsakaninsu. Biyun farko ina wuce su lafiya, amma da na kai ta huɗu sai in ji gaban motar ya ƙi juyawa, tayoyi suna ƙara, tayar baya kuma ta kwashe robar. Ranar Lahadin da ta wuce na yi daƙiƙa 58, aka ƙara mini 4 saboda robobi biyu, alhali wani dattijo mai tsohuwar Mazda Miata ya yi 51 ba tare da ya taɓa ko ɗaya ba. Shin in sayi tayoyin nan masu kama ƙasa sosai, masu lamba 200 a ma'aunin cinyewar taya, da kowa ke yabawa?

Malam Direba:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka ajiye kuɗinka tukuna, domin abin da ka bayyana makara ce, kuma taya ba ta maganin makara. Kana shiga robar farko da gudun da ya fi ƙarfin jerin, sai ka ɗan makara wajen murza sitiyari a ta biyu, makarar ta ƙaru a ta uku, kafin ka kai ta huɗu bashin ya taru har tayoyin gaba sun kasa biya. A lokacin ne direba ke ƙara murza sitiyari da ƙarfi, abin da ke ƙara dagula lamarin, tun da tayar da ta riga ta fara zamewa ba za ta kama ƙasa ba sai an sassauta mata.

Ka fara juyawa tun kafin hancin motar ya daidaita da robar, ta yadda lokacin da kake gifta ta motar ta riga ta fuskanci ɗaya ɓangaren, kamar kana neman shafar bayan robar da tayarka ta baya. Idonka kuma kada ya tsaya a kan wadda kake kusa da ita, ya kasance a kan ta biyu ko ta uku a gaba, saboda hannu yana bin inda ido ya tafi. Ni kaina na shafe shekara guda ina kallon robar da nake tsoron bugewa, kuma ita ɗin nake bugewa. Totur ya tsaya a wuri ɗaya har ka fita. Taka shi da sake shi a tsakiyar jeri yana jefa nauyin mota gaba da baya.

Hajiya Mai Miata:
Na yarda da Malam, sai dai ban wanke tayar gaba ɗaya ba. Civic da tayoyin gaba take ja, su ne kuma ke juyawa, saboda haka idan iskarsu ta yi ƙasa sukan kwanta a kan gefensu a kwana. Ka shafa alli a kafaɗar tayar kafin ka shiga, idan ka fito ka duba: in allin ya goge har ya gangara gefe, ka ƙara iska kaɗan ka sake gwadawa.

Sa'an nan ina tambaya, sau nawa kake zagaya filin da ƙafa da safe? Ni sau uku nake yi, kuma a silalom nakan ƙirga takuna tsakanin robobi, domin masu tsara fili sukan rage tazarar na ƙarshe da gangan. Wataƙila ta huɗun da ke ba ka wahala ta fi sauran matsewa ne.

Bakatsine a Ohayo:
Hajiya, gaskiya sau ɗaya nake zagayawa, ina hira. Wata tambayar kuma: na ga wani ya taɓa roba ta yi tangal-tangal, amma ba a ci shi tara ba.

Malam Direba:
Haka dokar SCCA take, ƙungiyar da ke shirya gasar ƙasa a Linkon ta jihar Nebraska kowace shekara. Kowace roba tana da akwatin da aka zana mata a ƙasa. Idan tana tsaye kuma wani sashenta na taɓa zanen, babu tara, amma idan ta faɗi ko ta fita gaba ɗaya, daƙiƙa 2 ne. Wanda ya tsallake ƙofa kuwa, wato robobin da dole mota ta bi ta tsakaninsu, zagayen nasa ya tashi a banza. A taro na gaba ka nemi dattijon nan mai Miata ya zauna a gefenka zagaye ɗaya, domin yawancin ƙungiyoyi suna barin ƙwararre ya raka sabon shiga, kuma ka roƙe shi ya riƙa cewa "yanzu" duk lokacin da ya kamata ka murza.