Shawarwarin makanikai kan cire hob da ya kafe bayan boris ya lalace

Yawancin makanikan da suka tattauna matsalar kafewar hob, wato abin da ake ɗaure tayar mota a jikinsa, sun ɗora laifin kan tsatsa, musamman inda hob na ƙarfe ya zauna cikin mazaunin alminiyam. Sun ce a fara cire sensar ABS (na'urar birki da ke auna juyawar taya), a fesa man sassauta tsatsa a bar shi ya kwana, sannan a mayar da tsofaffin kusoshin hob ɗin ta baya rabi-rabi, a riƙa bugun kawunansu da guduma bi da bi. An yi saɓani kan ɗumama wurin da wuta, domin tana narkar da robar shaft, wato sandar da ke juya taya. A ganina masu taka-tsantsan ne suka fi gaskiya. Idan hob ɗin ya ƙi fita, a kwance mazaunin a kai injin matsa ya turo shi waje. Kafin a sa sabo, a kankare tsatsar a shafa giris.