Neman Shawara: Kariya Nake So A Haɗa Min A Saman Golf

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da Golf 3, doguwar nan da ake kira wagon, da ita nake kai iyali Kazaure daga Kano duk ƙarshen wata. But ɗin ba ya isar mu, ga katifa ga jakunkunan yara, in za mu dawo kuma ga tsaraba. Na taya kariya ta kanti, wato ƙarfen ɗora kaya a saman mota, kuɗin ya fi ƙarfina. Tunanina in sayi ƙarfe a Ƙofar Ruwa in kai wa mai walda, a huda saman motar wuri huɗu a ɗaure da noti. Da kaka ina so ta riƙa ɗauko min buhun masara biyu. Masu sani ku taimaka.

Wani mai walda:
Wa alaikumus salam. Alhaji, don Allah kar ka bari a huda maka rufin mota. Falle ne siriri, damina ɗaya ruwa zai fara ɗiga ta hujin, tsatsa ta cinye gefen, notin ya riƙa rawa. Wagon ai tana zuwa da ƙarafa biyu a kwance a sama tun daga kamfani, nan ne wurin da aka yi don ɗaukar kaya. A kansu za a zaunar da kariyar, a kama da ƙarfen nan mai siffar U wuri huɗu, a sa robar tsohon tub a tsakani don kar ƙarfe ya ci ƙarfe. Ka sayi fayif mai kusurwa huɗu, inci ɗaya, tsayi biyu sun isa. Kar ka yarda da rodi ko ƙarfe mai kauri, nauyin banza ne. A auna a jikin mota amma a yi waldar a ƙasa. Tartsatsi na ɓata gilashi da fenti. A shafa jan fentin hana tsatsa kafin baƙi.

Tsohon direban haya:
Ɗana, ni buhun nan biyu ne ya tsaya min a rai. Buhun masara kilo 100 ne, biyu 200 ke nan. Ƙananan motoci irin taka abin da kamfani ya yarda a ɗora a sama bai wuce kilo 75 ko kusa da haka ba, kuma har da nauyin kariyar kanta a ciki. In ta ci kilo 15, me ya rage maka? Ko buhu ɗaya bai shiga ba. Kuma ba karyewar ƙarfe ce abin tsoro ba. Nauyi in ya hau sama, mota na rinjaya a kwana, birki ya ƙara nisa. Na taɓa kauce wa akuya da lodi a sama, sai da tayoyin gefe ɗaya suka bar ƙasa. Allah ne ya kiyaye.

Wani ɗan'uwa:
Baba, to 'yan tasha da ke lafta wa Golf kaya har ta fi ƙofar shago tsayi fa? Kullum suna hanya lafiya lau.

Tsohon direban haya:
Waɗanda suka isa kake gani, yaro. Ka leƙa garejin masu gyaran bodi ka ga sauran.

Mai tambaya:
Na gode Baba, na gode Malam. To masarar ina zan sa ta?

Wani mai walda:
Buhu ɗaya a but, a tura shi ya jingina da kujerar baya, ɗayan ya bi motar kasuwa. Katifa da jakunkuna da tabarmi su hau sama.

Wata 'yar'uwa:
Maigidana ya yi irinta bara, bari in ƙara abin da muka gani. Katifa ba ta da nauyi amma iska na shiga ƙarƙashinta, tamu saura kaɗan ta tashi a hanyar Zariya. A naɗe ta, a rufe da tamfol, bakin tamfol ɗin ya kalli baya. Robar tub kaɗai ba ta riƙewa, rana na tsinka ta, a haɗa da igiya mai ƙwari. In an ɗan yi tafiya a tsaya a ƙara ja. Sannan mai walda ya toshe bakin fayif ɗin, in ba haka ba fito za ta yi ta yi muku har Kazaure. Motar ma ta fi shan mai, shi ya sa in ba tafiya maigidana yake kwance kariyar ya jingine a zaure.