Neman shawara: horo ake ba yarona a ƙungiyar ƙwallon jami'a ko zalunci?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah a sakaya sunana.

Muna zaune a Amurka ni da maigidana da yara. Babban yarona yana shekarar farko a wata jami'a da ke wata jiha nesa da mu. Ta hanyar ƙwallon ƙafar Amurka ya samu gurbin, wato wadda ake sa hular kwano ana ture-ture. Kuɗin makaranta, ɗaki da abinci duk su ke biya, abin da aljihunmu ba zai ɗauka ba.

Da ya zo hutu na ga ya faɗa a fuska, ba ya son magana, matakala ma sai ya dafa bango yake hawa. Ƙanensa ne ya tsegunta min, da na matsa masa sai ya buɗe baki. In mutum ɗaya ya makara, ko aka ci su a wasa, sai a tashe su gaba ɗaya da asuba a sa su gwale-gwale: gudu, faɗi-tashi, rarrafe daga wannan ƙarshen fili zuwa wancan, har wasu su yi amai. Ya ce akwai bokitai da ake jerawa a gefen fili musamman saboda haka. Kocin motsa jiki yana zaginsu a gaban kowa, wanda ya je ɗakin jinya kuwa sunansa rago. Kwanaki ya gurɗe a idon sawu, ma'aikaciyar lafiyarsu ta ce ya huta, sai wani koci ya ja shi gefe ya ce masa akwai yara a bayansa masu jiran gurbinsa. Ya ɗaure ƙafar ya koma fili.

Babansa ya ce wasan maza ne, in ƙyale shi ya zama namiji. Shi kuma yaron ya haɗa ni da Allah kada in kira makarantar, wai in aka ji uwarsa ta kai ƙara to shi da benci har ya gama. Ni dai barci ya ƙaurace min. Shin haka abin yake ko'ina, ni ce ban saba ba? In kuma an wuce gona da iri, ta ina zan fara ba tare da na rufe masa ƙofar karatu ba?

Wani dattijo da ya daɗe a Texas:
Wa'alaikumus salam. Hajiya, ki kwantar da hankalinki, ki bi maganar maigidanki. Wasan nan da tsawa da wahala aka gina shi. A 1954 koci Bear Bryant ya kwashi 'yan wasan jami'ar Texas A&M ya kai su wani ƙauye mai suna Junction, kwana goma cikin fari da zafin rana, fiye da rabinsu suka gudu. Har gobe mutanen nan suna ba da labarin da alfahari. Mu ma da muka yi makarantar kwana a gida mun sha tsallen kwaɗo, ga mu nan da ranmu. Sai an sha wuya akan sha daɗi. Ki dai riƙa yi masa addu'a.

Wani matashi da ya taɓa buga wasan a jami'a:
Baba, Allah ya ƙara girma, amma a nan zan ɗan saɓa maka. A zamanin da kake magana har ruwa ake hana 'yan wasa sha a fili da sunan taurin zuciya, yau kuwa kowa ya san wannan hanyar kisa ce.

Mama, na buga wasan nan, don haka bari in raba miki abin gida biyu. Tsawa, ihu a fuska, a sa ka maimaita abu har ka gaji, a ajiye ka a benci don wani ya fi ka, duk wannan yana cikin wasan, kuma akwai kocin da ya yi min tsawa fiye da kowa amma har yau ina gaishe shi, don na san in na faɗi shi ne farkon wanda zai tsaya a kaina. In wannan ne kaɗai da na ce ki yi haƙuri.

Amma abu biyu a cikin labarinki sun fita daga horo. Na farko gwale-gwalen asuba a matsayin hukunci. Hukumar NCAA da ke kula da wasannin jami'o'i ta fitar da ƙa'idojin kare rayukan 'yan wasa a 2019, kuma a ciki an ce kada a yi amfani da motsa jiki don hukunta ɗan wasa. Dalilin a fili yake: atisaye na gaskiya ana auna shi, ana ƙara nauyinsa a hankali, ana ba da hutu a tsakani. Hukunci kuwa ba shi da ma'auni sai fushin mai ba da shi. A Janairun 2011 'yan wasa 13 na jami'ar Iowa aka kwantar a asibiti bayan an sa su tsugunne-tashi sau 100 da ƙarfe a kafaɗa suna dawowa daga hutu. A Janairun 2017 an kwantar da uku a jami'ar Oregon, aka dakatar da kocin motsa jikinsu wata guda ba albashi.

Na biyu, kuma shi ya fi ci min rai, kocin da ya bi ta bayan ma'aikaciyar lafiya ya tsorata yaro ya koma fili da ciwo. A kan irin wannan jami'ar Illinois ta kori babban kocinta Tim Beckman a Agustan 2015, mako guda kafin fara kakar wasa, bayan bincike ya nuna yana matsa wa 'yan wasa su buga da rauni. Ba wai ba a san laifi ba ne, yara ne ke tsoron magana.

Wata ma'aikaciyar jinya:
'Yar'uwa, kafin a je ga maganar ƙara, ki amsa min biyu. Kin tambaye shi launin fitsarinsa bayan irin wannan gwale-gwale? Sannan mene ne jinotayif ɗinsa?

Mai tambaya:
Fitsari ban tambaya ba. Jinin kuwa AS ne, irin na babansa. Amma bai taɓa ciwon sikila ba, lafiyarsa lau tun yana ƙarami.

Ma'aikaciyar jinya:
To 'yar'uwa, yanzu magana ta canza, kuma ina roƙon maigidanki ya karanta wannan da idonsa.

A gida mun saba ɗaukar AS a matsayin maganar aure kawai, a gwada kafin a ɗaura, shi ke nan. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana da shi, kuma galibi har tsufa ba ya damun mutum. Amma in aka tura jiki ƙarshen ƙarfinsa ba hutawa, musamman da zafi ko ƙishirwa ko asma ko zazzaɓi, ƙwayoyin jinin suna iya lanƙwashewa su toshe ƙananan hanyoyin jini a tsoka. Cikin 'yan mintoci na gudu ba tsayawa abin yake iya farawa. Tsokar ta fara lalacewa, abin da ke cikinta ya zubo cikin jini, ya bugi ƙoda, ya rikita bugun zuciya. Abin da ke ruɗar kociyoyi shi ne yaron ba ya sandarewa yana ihu irin na mai ɗaurewar jijiya. Ƙafafunsa ne ke mutuwa, ya sulale ƙasa, yana ma iya magana. Sai a ɗauka lalaci ne, a ce ya tashi ya ƙarasa.

Haka aka rasa Ted Agu a jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Fabrairun 2014. Iyayensa 'yan Najeriya ne, shekarunsa 21, kuma makarantar ta san yana da AS. An sa su hawa da sauka a wani tudu suna riƙe da igiya, abokan wasansa suka ba da shaida cewa ya yi ta faɗuwa yana tashi kafin ya faɗi gaba ɗaya. A 2016 jami'ar ta amsa sakaci ta biya iyalinsa dala miliyan 4.75. Kafin shi akwai Dale Lloyd na jami'ar Rice a 2006, wanda shari'ar iyayensa ce ta sa NCAA ta shigo da gwajin AS ga 'yan wasan rukunin farko, wato na jami'o'in da ke matakin ƙoli a wasanni, daga 2010. Saboda haka mai yiwuwa sakamakon yaronki yana cikin fayil ɗinsu. Abin tambaya shi ne ko mutumin da ke busa usur da asuba ya sani, kuma yana aiki da shi.

AS ba ya hana wasa, da yawa sun buga har matakin ƙwararru. Abin da ake so shi ne a bar shi ya ƙara nauyin atisaye a hankali, a ba shi hutu mai tsawo tsakanin gudu da gudu, a cire shi daga gudun da ake jerawa ba numfasawa, kuma da ya ji ƙafa ta yi sanyi ko numfashi ya gagara, ya tsaya nan take ba tare da an ci mutuncinsa ba.

Maganar fitsari: in ya koma launin baƙin shayi, ga ciwon tsoka mai tsanani ko kumburi, asibiti zai tafi a ranar, ya ce a auna masa CK, wato gwajin jinin da ke nuna lalacewar tsoka, da aikin ƙoda. Wannan ciwon ne ya kwantar da yaran Iowa da ɗan'uwanmu ya ambata. Dafa bangon da kika gani ma ya isa a tambaya.

Ko wanda ba shi da AS bai tsira ba. Jordan McNair na jami'ar Maryland, ɗan shekara 19, zafi ya buge shi a wurin gudu ranar 29 ga Mayun 2018. An ɗauki fiye da awa guda kafin a kira motar asibiti, ba a tsoma shi cikin ruwan ƙanƙara ba, wanda shi ne maganin farko, ya rasu ranar 13 ga Yuni. Bayan rasuwarsa ne 'yan wasa suka fara fallasa irin zagi da wulaƙancin da ake musu, har aka kori koci DJ Durkin a ƙarshen Oktoba.

Wata uwa:
Innalillahi. Hajiya ki ɗauko ɗanki kawai. Wane digiri ne ya kai rai? Ni da ni ce gobe ina cikin jirgi.

Wani ma'aikacin jami'a:
Yaya, na fahimci zafin zuciyarki, amma in ta je ta ɗauko shi da ƙarfi za ta iya rasa amanarsa, gobe ko ciwo ya ji ba zai faɗa mata ba.

Hajiya, ga yadda tsarin yake. Tunda ya shiga jami'a, dokar FERPA mai kare sirrin bayanan ɗalibai galibi tana hana makaranta buɗe miki bayanansa sai da izininsa a rubuce, likitocin ma sai ya yarda za su yi magana da ke. To da shi za ki fara. Ki ce masa ba koci za ki kira ba, likitan ƙungiya kawai kike so ya gani, kuma ya sa hannu a takardar da za ta ba ku damar magana da likitan. A ƙa'idar NCAA likita da ma'aikatan lafiya su ke da ta-cewa ta ƙarshe kan ko ɗan wasa zai koma fili, koci ba shi da ikon ture hukuncinsu. Ganin likita kan AS ba ƙara ba ce, haƙƙinsa ne.

Game da tallafin, in makarantar tana rukunin farko, tun daga Agustan 2024 ba a yarda a soke ko a rage tallafin ɗan wasa saboda rauni ko rashin lafiya ko don bai taka rawar gani a fili ba. Ku ɗauko takardar da ya sa wa hannu ku karanta ta layi-layi. Sai dai in faɗa miki gaskiya: wannan ƙa'ida kuɗin karatu take karewa, ba ta hana koci ajiye shi a benci. Tsoron yaron yana da tushe.

Ya riƙa rubuta abin da ke faruwa a wayarsa, rana, lokaci, wa ya ce me, su wa ke wurin. Akwai iyakar awa 20 a mako na atisaye da wasa a lokacin kakar wasa, awa 8 bayan kakar, kuma ana yawan ɓoye ƙari da sunan na ganin dama. In abin ya ci gaba, sashen wasanni yana da ofishin kula da bin ƙa'ida, jami'o'i da yawa kuma suna da ofishin sauraron koke cikin sirri wanda ba ya ƙarƙashin koci. In duk ya ƙi, sauya makaranta ya yi sauƙi yanzu, tun 2024 ɗan wasan da karatunsa ke kan hanya yana iya komawa wata jami'a ya buga ba tare da zaman shekara ba.

Mai tambaya:
Allah ya saka muku da alheri. Na nuna wa babansa abin da 'yar'uwa ma'aikaciyar jinya ta rubuta, shi da kansa ya ɗauki waya ya kira shi. Yaron ya ce an taɓa samun ranar da fitsarinsa ya yi duhu, bai faɗa wa kowa ba. Ya yarda zai ga likita kuma zai sa hannu a takardar. Maganar kocin da ya tura shi fili da ciwon ƙafa kuwa ya ce a bari tukuna, bai shirya ba.

Matashin da ya taɓa buga wasan:
Kada ki matsa masa a kan wannan yanzu, Mama, amma ya rubuta ranar da abin ya faru tun bai manta ba. In ya shiga wurin likita ya faɗi maganar fitsarin da bakinsa, ya roƙi a sake duba idon sawun, sannan ya nemi a rubuta sharuɗɗan atisayensa na AS a takarda, a ba kocin motsa jiki kwafi, shi ma ya riƙe nasa. Kafin ya samu ganin likitan, in an kira su gwale-gwalen asuba, ya fara biyawa ta wurin ma'aikaciyar lafiyar da ta ce ya huta, ya gaya mata shi AS ne.